Gaɓar da Muka Bar wa Kwaɗon Ƙasa

Ambaliyar 2022 ta kwantar mana da ɗakuna uku a gida, har da na Inna. A ƙasar Ringim wannan ba abin ba da labari ba ne, domin duk ƙauyen da ke kusa da kogin Haɗeja ya ɗanɗana. Ginin ƙasa ne, in ruwa ya kwana biyu a gindinsa sai ya zauna. Da ruwa ya janye aka girbe ɗan abin da ya tsira, sai kowa ya saɓi diga da shebur ya nufi kududdufin bayan gari buga bulo. Tun kakanni a nan ake ɗibar ƙasar gini, ramin kansa ɗibar ƙasar ce ta haife shi. Amma ban taɓa ganin an yi masa taron dangi irin na wannan hunturun ba.

Ni malamin firamare ne, sai Asabar da Lahadi nake samun zuwa, ni da ƙanena da 'ya'yan yayana biyu. Wata safiya cikin Janairu, hazo ya rufe gari, muna sara a gaɓar gabas ƙarƙashin giyayya, inda ƙasar ta fi danshi da danƙo. Diga ta ɓanɓaro wani dunƙule, ya fashe, sai wani abu ya gangaro gaban ƙafata. Girmansa bai wuce ƙaramin goro ba. Na ɗauka laka ce sai da ya motsa.

Kwaɗo ne, amma ba irin wanda na saba gani a gindin randa ba. Jikinsa a kumbure, sumul, ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon rawaya. Kansa ɗan mitsitsi, idanu ƙanana, hanci kuma mai tsini da tauri, in ka taɓa sai ka ji kamar farce. Hannuwansa gajeru ne masu kauri. Da ɗan yayana ya ajiye shi a kan ƙasar da muka tara, bai yi tsalle ba. Ya kafa hanci ƙasa, ya riƙa yaƙuto da hannu yana turawa da ƙafa, kafin mu gama kiran ƙanena ya zo ya gani, sai ɗan tudun ƙasa kawai ya rage.

A ranar mun tono guda bakwai. Biyu diga ta raba su. Biyar ɗin na zuba su a gwangwanin madara don in nuna wa 'yan ajina ran Litinin, na ajiye a tagar zaure, ba ƙasa, ba danshi. Da asuba na tarar uku sun bushe sun ƙandare. Iskar hunturun da ke fasa mana leɓe da dunduniya ita ta shanye su cikin dare ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san dalili, har na sha koyar da shi a aji: kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fata yake tsotsa, ta fatar kuma yake rasa shi. Abin da ya sa wannan ya nutse cikin ƙasa tun ƙarshen damina ke nan, ni kuma na fito da shi na shanya. Biyun da suka rage na mayar da su gindin giyayyar da hannuna, na tsaya har suka shige.

Da yamma na tarar da Baffa, wan mahaifinmu, a kan tabarmarsa, na nuna masa hoton a waya.

"Baffa, ka san wannan?"

Ya kawo wayar dab da ido. "Kwaɗon ƙasa ne. Kai da kake malami, ka ɗauka su wa ke maka kuka daren ruwan fari, tun kududdufi bai tara ko cikin ƙwarya ba?"

Muna yara, abin da muka yarda da shi shi ne kwaɗi daga sama suke zubowa tare da ruwa. Ban taɓa zama na tambayi kaina inda suke yin wata bakwai ko takwas na rani ba. Ashe suna nan ƙarƙashin sawunmu.

Na tura hoton wa wata tsohuwar ɗalibata da ke karanta ilimin halittu a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Bayan kwana biyu ta dawo mini da suna: Hemisus marmoratus. Turawa suna ce masa kwaɗo mai hancin shebur, wasu su ce mai hancin alade. Yana nan a faɗin ƙasashen ciyayi na Afirka kudu da Sahara. Macen ta fi namijin girma, ita ma da ƙyar take kai santimita 5. Yawancin kwaɗin da ke haƙa rami da ƙafar baya suke yi, su shiga da baya-baya. Wannan da ka yake shiga. Abincinsa gara da tururuwa. Amma abin da ya hana ni barci shi ne yadda yake haihuwa, wanda masana suka bi diddiginsa a gandun dajin Comoé na ƙasar Kwaddibuwa. Ba ya zuba ƙwai a ruwa. Macen ce ke haƙa ɗan ɗaki a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar gaɓa, namijin na maƙale a bayanta, ta zuba ƙwanta a can, sau da yawa tun kafin ruwa ya taru. Namiji ya yi gaba, ita ta zauna a kan ƙwan. In sun ƙyanƙyashe, ko dai ruwa ya taso ya cimma ɗakin, ko uwar ta haƙa musu hanya zuwa ruwa su bi ta.

Da na karanta wannan sai na gane cewa gidan wannan halitta ba ruwan ba ne, gaɓar ce. A nan take kwana da rani, a nan take haihuwa da damina. Mu kuma gaɓar muke yankawa muna ɗorawa a amalanke.

Ɗalibar tawa ba ta ɓoye mini ba: wannan nau'in ba ya cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu a duniya, yana da yawa a wurare da dama. Na ji daɗin gaskiyar da ta faɗa mini, kuma ban taɓa ce wa mutanen garinmu wai namu ne na ƙarshe ba. Sai dai babban binciken da aka fitar a 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'in dangin kwaɗi a duniya suna cikin haɗarin ƙarewa, kuma babban abin da ke cinye su shi ne rasa mazauni. Rasa mazauni kuwa ba a rana ɗaya yake faruwa ba. Kududdufi ɗaya ne yau, gobe wani. A Jigawa in ana maganar kare halittu, sai a tafi Baturiya, wadda aka sa a 2008 cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, a yi zancen tsuntsayen da ke zuwa daga Turai. Wannan daidai ne. Amma ƙananan ramukan bayan gari ba su da mai magana a kansu, alhali kusan kowane ƙauye yana da nasa.

Abu na farko da na yi, ban yi wa kowa wa'azi ba. Na roƙi masu buga bulo abu ɗaya: duk inda diga ta fito da kwaɗon, a kafa kara. Yara suka ɗauki abin kamar wasa, suna yawo da damin karan dawa. Cikin mako uku, ko makaho ya shafa ya san inda zancen yake. Gaɓar yamma, wadda rana ke duka kuma ba ta da itace, kara biyu ne kacal. Kudu, inda shanu ke sauka shan ruwa ƙasa ta daddaɓe kamar daɓe, babu ko ɗaya. Gaɓar gabas kuwa, tsakanin giyayyu uku da bagaruwa da wani tsohon suri, karare sun yi cirko-cirko. Inuwa, ruɓaɓɓen ganye, ƙasa mai laushi da riƙe danshi, ga gara a kusa. Matsalar ita ce ƙasar da kwaɗon ya zaɓa ita ce magina ma suka fi so.

Da wannan na je wurin mai unguwa. Ya tara mu bayan la'asar a ƙofar gidansa: shugaban masu buga bulo, sarkin noma, liman, Baffa, da ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba hana kowa ɗibar ƙasa na zo yi ba. Gefe ɗaya nake roƙo a ɗaga wa ƙafa."

Shugaban masu bulo bai bari na ƙarasa ba. "Malam, mutane nawa suka kwana a azuzuwan makarantarku da damina? Har yau akwai mai kwana a bukkar leda da 'ya'yansa cikin wannan sanyi. Kai kuma kwaɗo ne a gabanka?"

Ban da amsar da ta fi tasa nauyi, kuma ban yi ƙoƙarin ƙirƙiro ta ba. Gaskiya ya faɗa. Na sha jin masu cewa kwaɗi za su kawar da sauro ko su tsare gona daga ƙwari gaba ɗaya. Ban faɗi haka ba, don ban ga hujjar da zan tsaya a kanta ba. Abin da na sani na faɗa: yana cin gara, ba ya cin shuka, ba ya cizo, kuma in aka yanke wannan gaɓar, babu wata a kusa da zai koma. Na ce ni ma uwata tana raɓe a ɗakin matata, kuma ni zan fara tashi daga wurin.

Liman ne ya sassauto da zaman. Ya kawo hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana kashe shi. Shugaban masu bulo ya ce, "Allah gafarta Malam, to mu da diga ke sara ba da niyya ba fa?" Liman ya ce wanda ya sara bisa kuskure yana neman rufin asirin iyalinsa ba shi da laifi, amma wanda aka nuna masa wurin, kuma yana da wani wajen da zai je, hukuncinsa ya sauya. Daga nan aka daina gardama a kan ko za a bari, aka koma kan nawa za a bari.

Na nemi gaɓar gabas duka. Aka ba ni rabinta: taku 60 a tsawo, taku 15 daga bakin ruwa zuwa tudu, daga giyayyar farko zuwa surin. Baffa ne ya taka da ƙafarsa, mai unguwa na kallo. Muka kewaye da ƙaya, muka bar hanyar mashaya a buɗe kamar yadda Ardo ya nema, domin da mun toshe wa shanu hanya, da shingen bai kwana uku ba. Aka kuma yarda cewa duk wanda ya tono kwaɗo a wani gefen, kada ya bar shi a rana, kada ya jefa shi ruwa. A dunƙule shi cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa a ba yaro ya kai cikin shinge, a sassauta ƙasa a gindin itace a ajiye shi. 'Yan aji biyar da shida suka riƙe wannan aiki har ƙarshen Maris.

Alkawarin da na ɗauka ya ci ni. Ƙasar yamma yashi ya yi mata yawa, bulon farko da muka buga kusan rabinsa ya tsattsage tun bai gama bushewa ba. Sai da muka koma haɗa ta da laka daga tsakiyar ramin, muka ƙara ciyawa da ƙaiƙayi, muka bar kwaɓin ya kwana biyu kafin a buga. Kuɗin amalanke ya ƙaru. Ɗakin Inna ya yi jinkirin mako uku. Ba ta yi mini faɗa ba, amma ranar da ta ji dalili ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, Allah ya sa da lada a ciki." Har yau in na tuna sanyin waɗannan makonni ukun, ba na jin cewa kyauta na samu abin.

Wanda ya fi bulo wuya shi ne maganin feshi. Gab da shuka, kusan kowa yanzu maganin kashe ciyawa yake fesawa, kuma in an gama, kududdufi ne wurin wanke famfon feshi da ɗauraye robar magani. Halittar da ke sha ta fata, ka san abin da wannan yake mata, balle 'ya'yanta da ke cikin ruwan tsundum. Ruwan nan kuma shi awakinmu ke sha, a ciki yara ke wanka. Da wannan bakin na shiga wa sarkin noma, shi ma ya karɓa. Muka haƙa rami can tudu, nesa da gaɓa, aka ce a ɗebi ruwa a bokiti a je can a wanke. Wasu suna yi. Wasu in sun duba ba kowa, a bakin ruwa suke tsugunawa. Ba a kafa wa wannan shinge, kuma har yanzu ban ga bakin zaren ba.

Ruwan farko na kirki ya sauka cikin Yuni. Ya jiƙa ƙasa sosai, amma bai tara komai a ramin ba sai ɗan taɓo. Bayan isha'i na ɗauki tocila, ɗan yayana ya biyo ni. Tun daga nesa muka ji wani kuka mai tsawo, siriri, kamar na gyare amma ya fi kauri, yana fitowa daga cikin shingen. Shekara nawa ina jin wannan sauti ina ɗauka ƙwaro ne! Gano mai kukan ya fi ƙarfin haƙurin yaro, don da ka matso sai ya yi tsit, wani ya ɗauka a bayanka. Mun fi awa ɗaya a tsugune kafin haske ya faɗa kan ɗaya, rabin jikinsa a rami ƙarƙashin busasshen ganye, maƙogwaronsa baƙi ya kumbura yana karkarwa. Yaron ya riƙe mini hannu da ƙarfi, bai ce komai ba.

Na yi wa kaina alkawarin ba zan tona neman ɗakin ƙwai ba, darasin gwangwani ya ishe ni. Amma bayan kwana huɗu wata yarinya 'yar aji shida ta zo da gudu: ta je cire wani tsohon kara da muka kafa, ƙasa ta rufta, ta ga abu. Ɗan kogo ne, bai kai dunƙulen hannuna ba, taku uku daga inda ruwa ke tsayawa. Uwar tana zaune a kan tarin ƙwai farare masu yauƙi, kowanne bai kai ƙwayar dawa ba. Ba ta gudu ba. Ta dai ƙara kumbura jiki ta lafe a kansu. Na ɗora tsingaro a bakin, na rufe da jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganye, na ce wa yarinyar kada ta nuna wa kowa wurin, har ƙawayenta. Ta riƙe amana.

Sai aka yi kwana goma sha ɗaya ba ɗigo. Kullum da yamma ina zuwa in taɓa ƙasar gindin giyayya in ji ko da sauran sanyi. A gefen yamma ƙasa ta koma fari fat ta dare. Cikin shinge, in ka tura yatsa ƙarƙashin ganye, akwai danshi. A daren na goma sha biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun tsakar dare har kiran assalatu.

Ina idar da sallar asuba na nufi can. Kududdufi ya cika har ya haura kan tsingaron. Kwaɗin gida suna ta hayaniya, a lokacin ne ma suke zuba ƙwansu, zare-zare a jikin ciyawa. Amma a gefen gabas, cikin ruwan da bai kai awa shida da taruwa ba, ga 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya suna iyo, da ƙarfinsu, garke guda. Ƙwan da aka zuba a ruwa a daren ba zai yi haka ba. Waɗannan a cikin ƙasa aka ƙyanƙyashe su, suna jiran ruwa ya zo ya same su. Wannan rigayen shi ne dabararsu: kafin ƙwarin ruwa su yawaita, kafin 'ya'yan burduddugi masu cin 'yan uwansu su taso, su sun yi nisa a girma. Na koma gida na taso Baffa. Ya zo da sandarsa, ya daɗe a tsaye, ya ce, "Ikon Allah. Shekara saba'in ina wuce wurin nan."

Burduddugin da na ambata shi ne babban da ake kamawa a busar a kai kasuwar Haɗeja, daga can a yi kudu da shi. Namu ƙanƙantarsa ta tsare shi daga wannan ciniki, ba mai sayensa. Abin da ke gabansa yanzu daban ne. Ƙungiyar matasan garinmu ta kawo shawarar a kawo mota ta zurfafa kududdufin ya riƙa riƙe ruwa har rani, a zuba tarwaɗa. Shawara ce mai kyau, yaran nan ba su da aikin yi daga kaka zuwa damina sai tafiya ci-rani, cikinsu har da ƙanena. Amma tarwaɗa ba ta barin ɗan kwaɗo, kuma bushewar da ramin ke yi duk shekara ita ce ta hana kifi zama a cikinsa tun asali.

Abin da zan kai gaban mai unguwa bayan girbi shi ne a zurfafa yamma da tsakiya, ƙasar da aka kwaso a yi tudu da ita a raba kusurwar gabas, ta zauna ba zurfi, ta cika da ruwan sama ta bushe da rani yadda ta saba. Shugaban matasan ya ce in tudun bai ci musu fiye da kashi ɗaya cikin biyar na ramin ba, za su duba. Jiya da yamma ni da Baffa muka je da igiya muka auna. Ya ɗan haura kashi ɗaya cikin biyar, da kamar taku huɗu. Gobe zan koma in ga ko za a iya karkatar da layin ta bayan surin.